Awa 5 Ko Shekara 5: Wane Ya Fi Lada?

 

Yau mun zo maka da wata tambaya da ake yawan gardama a kanta a gindin itace da ƙofar masallaci. Ga mutum biyu, duk sun yi aikin hajji. Na farko ya tafi ta ƙasa, ya yi shekaru a hanya. Na biyu ya shiga jirgin sama a Yamai da safe, ya sauka Jidda tun rana ba ta faɗi ba. Dukansu ana ce musu Alhaji. To, darajarsu ɗaya ce? Wahala ce ke sa aiki ya yi albarka, ko kuwa wani abu ne dabam?

Kada ka ce wannan maganar masu kuɗi ce, ba ta shafe ka ba. Ta shafe ka. Irin wannan gardama ce ake yi tsakanin turmi da injin niƙa, da tsakanin hauya da garmar shanu. Amma kafin mu yanke hukunci, bari mu fara sanin hanyar.

Nisan hanya

Daga Yamai zuwa Jidda, in aka miƙe sosai ba kwana ba zagaye, akwai wajen kilomita 4000. Ka san hanyar mota daga Yamai zuwa Damagaram ta kusa kilomita 900. To, kamar ka je Damagaram ne ka komo, ka sake zuwa ka komo, sa'an nan ka ƙara rabin hanya.

Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi da kanka. Raba 4000 gida 800, za ka samu 5. Ke nan awa 5. In ka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan kai awa 5 zuwa 6. Wani lokaci tana fin haka, don jirgi ma ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye.

Yanzu ka auna da mai tafiya a ƙasa. Ƙaƙƙarfan mutum, da kayansa a ka, yana iya yin kilomita 25 a wuni. Raba 4000 gida 25, za ka samu kwana 160, wato wata 5 da kwana 10. Wannan fa in bai huta ba ko wuni guda, bai yi ciwo ba, kuma babu teku a gabansa. Abin da ya wuni yana takawa, jirgi yana gama shi cikin minti 2.

Jirgin yana tashi sama wajen kilomita 10, can bisa gajimare. A wurin akwai sanyin da ya fi na kowane hunturu da ka taɓa gani, amma na ciki ba ya jin komi. Ga wani abin mamaki kuma. In ka tashi Yamai da ƙarfe 8 na safe, ka yi awa 5, agogonka zai nuna ƙarfe 1. Amma agogon mutanen Jidda zai nuna ƙarfe 3. Dalili shi ne suna gabas da mu, rana tana fito musu kafin ta fito mana. Agogonsu yana gaba da namu da awa 2.

Hanyar kakanninmu

Tun da daɗewa mutanen ƙasashen nan suke zuwa Makka. Mansa Musa, sarkin Mali, ya bi ta Misira a shekarar 1324. Askiya Muhammadu, sarkin Songai, ya tashi daga Gawo a shekarar 1496. Waɗannan sarakuna ne, da raƙuma da zinariya. Talaka kuwa ƙafarsa ce raƙuminsa.

Daga baya hanyar gabas ta zama ita ce babbar hanya. Mutum ya bar Maraɗi ko Damagaram, ya ratsa Barno, ya wuce tabkin Cadi. Ya shiga garin da ake kira Njamena yanzu, ya nufi Abeshe a ƙasar Wadai. Daga nan ya shiga Darfur, ya bi ta Jinaina da Fashir har Ubayyid. In yana da kuɗi ya hau jirgin ƙasa, in babu ya ci gaba da takawa har kogin Nilu. Daga can sai bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Bur Sudan. Nan zai jira jirgin ruwa ya ƙetare da shi wajen kilomita 300 zuwa Jidda. Daga Jidda zuwa Makka sauran kamar kilomita 75.

Me ya sa tafiyar wata 6 ke zama ta shekara 5, ko 10? Don yawancinsu ba su da guzurin da zai kai su. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a nan, sun ce wanda ke iya tafiya a ƙasa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, to yana cikin masu iko. Saboda haka mutum yakan fita da sana'arsa. Wanzami da zabirarsa, maɗinki da allurarsa, malami da allonsa. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a gari a yi aiki. In damina ta faɗi sai a nemi gona a yi noma, a jira kaka. A shekarar 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a Sudan. Mutanenmu da yawa sun yi ƙwadago a can, suna tara kuɗin jirgin ruwa.

A hanyar nan aka yi aure, aka haihu, aka yi jana'iza. Ƙishirwa ta kashe wasu, agana ta kashe wasu. Ƴan fashi sun tare wasu. Akwai ma waɗanda aka yaudara aka sayar da su bayi. Shi ya sa mai niyyar tafiya yakan biya bashinsa, ya yi wasiyya, ya bi gida-gida yana neman gafara. Ana rabuwa da kuka, don babu tabbacin sake ganawa.

Da yawa ba su komo ba. Jikokinsu suna nan a garuruwan Sudan kamar Wad Madani da Gadarif da Kasala, suna jin Hausa. Akwai wani gari a bakin kogin Nilu da ake kira Mai Wurno. Ga asalinsa. A shekarar 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka zauna a can.

A cikin wannan shekara ta 1903 ɗin, a ƙasar Amurka, wasu ƴan'uwa biyu da ake kira Rait suka tashi jirgin sama na farko mai inji. Tashin farko daƙiƙa 12 kawai ya yi, bai kai mita 40 ba. Wa zai ce wannan ɗan abin zai maye gurbin hanyar Darfur? Amma daga wajen shekarun 1950 jirage suka fara ɗaukar alhazan ƙasashenmu. Zuwa shekarun 1970 hanyar sama ta rinjayi ta ƙasa.

Maganar mai goyon bayan ƙafa

Saurari abin da dattijo zai ce maka. Zai ce: «Abin da ka sha wuya ka samu, shi kake riƙewa da hannu biyu. Wanda ya taka har Makka ya bar girman kansa a hanya. Ya yi bara, ya kwana a kasuwa, ya ci abincin wanda bai san harshensa ba. Kafin ya ga Ka'aba, hanya ta riga ta wanke shi. Na jirgi kuwa, da halin da ya fita da shi yake isa, da shi kuma yake komowa.»

Maganar nan tana da nauyi. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa Nana A'isha ladan umararta yana gwargwadon wahalarta da abin da ta kashe. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ya ratsa ƙasa 3 da ƙafa ya san mutane, ya san haƙuri. Wanda ya tsallake su yana barci a kujera bai ga komi ba sai gajimare.

Maganar mai goyon bayan jirgi

Yanzu saurari ɗayan. Zai ce: «Allah ya wajabta mana aikin hajji, bai wajabta mana ciwon ƙafa ba. Annabi da kansa bisa raƙuma ya tafi daga Madina zuwa Makka. Raƙumi shi ne abin hawa mafi kyau a zamaninsa.»

Shi ma yana da hujja. Ya zo a hadisi cewa Annabi ya ga wani tsoho ƴaƴansa biyu suna tallabe da shi, don ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa. Sai ya umurce shi ya hau abin hawa, ya nuna Allah ba ya bukatar mutum ya azabtar da kansa. Alƙur'ani ma, a cikin Suratul Hajji, ya ambaci masu zuwa a ƙasa da masu zuwa a kan raƙuma tare.

Dubi kuma sallar ƙasaru. Malamai sun ce wanda ya yi tafiyar da ta kai wajen kilomita 80 yana rage salla. Ba su ce sai ya yi gumi ba. Na cikin jirgi ma matafiyi ne.

Sa'an nan ka tuna da waɗanda tsohuwar hanya ta hana. Tsohuwa mai shekara 70 ba ta iya ratsa Darfur. Gurgu ba ya iya. Mai ƙananan ƴaƴa, in ya tafi shekara 7, wa zai ciyar da su? Dattijo yana ba ka labarin waɗanda suka komo. Waɗanda aka binne a bakin hanya ba su da bakin ba da labari. Yau mutum yana tafiya ya komo cikin wata guda ko fiye kaɗan, ya iske iyalinsa da gonarsa.

Wahala iri biyu ce

To, ɗan'uwa, kowa ya faɗi gaskiya. Ina mafita? Mafita ita ce ka gane wahala iri biyu ce.

Akwai wahalar da aiki ke zuwa da ita, ba yadda za ka yi. Akwai kuma wahalar da mutum ke nemo wa kansa, alhali ga sauƙi a gabansa.

Ga misali. A garinku rijiya tana da nisan kilomita 3. Mace ta ɗauki tulu ta je ta ɗebo wa tsohuwar uwar mijinta ruwa. Wannan wahala ce mai lada, don babu wata hanya. Bana sai aka gina famfo a tsakiyar gari. In ta wuce famfon ta tafi tsohuwar rijiya don a ce ta fi kowa ƙoƙari, me ta ƙara? Tsohuwa ruwa take so, kuma tana zaune da ƙishirwa tana jira.

Haka hajji yake. Kakanninmu ba su zaɓi hanyar Darfur don son wahala ba. Ita kaɗai ce hanyar da suke da ita, suka bi ta da haƙuri. Ladansu yana wurin Allah, kuma mu ba mu isa mu raina shi ba. Amma da an nuna musu jirgi, kana tsammani za su ƙi shiga? Ai da suka iske jirgin ƙasa a Ubayyid, masu kuɗin tikiti hawa suka yi.

Wahalar ba ta tafi ba, wuri ta sake

Akwai kuma abin da masu gardama ke mantawa. Awa 5 ɗin nan ba kyauta ba ce. Kujerar hajji a yau miliyoyin sefa ce. Manomi ko makiyayi da ya biya ta, daga ina ya samo? Daga buhunan wake da gyaɗa, daga albasar rani, daga ragunan da ya kiwata shekara da shekaru. Wata hajiya da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tara nata, dala bisa dala. Kakansa ya yi shekara 10 yana aiki a gonakin Sudan. Shi ya yi shekara 10 ko 20 yana aiki a gonar gida. Tafiyarsa ta fara tun ranar da ya ajiye jikar farko.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci a yau ita ce: da wane kuɗi aka sayi kujerar?

Wani ya sayar da gonar gado, ita ke nan gare su, don a kira shi Alhaji. Ya komo da haƙorin Makka, ƴaƴansa kuwa sun zama ƴan ƙwadago a gonar wani. Wani ya ɓoye hatsi a rumbu har tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta matsa, ya sayar wa maƙwabtansa da tsada. Wani ya rage mudu. Wani ya ci dukiyar marayu. Wani ana bin shi bashi, mai bashi yana kuka, shi yana haɗa jaka. Waɗannan duka jirgi zai ɗauke su, don jirgi ba ya tambayar asalin kuɗi. Amma Wanda za su je ɗakinsa ya sani.

Hajji wajibi ne a kan mai iko kawai, sau ɗaya a rayuwa. Ciyar da iyali kuwa wajibi ne a kanka kowace safiya. In ba ka da iko, babu laifi a kanka, babu kuma abin kunya.

Abin da jirgi ba ya iya yi

Duk da haka kada mu watsar da maganar dattijo. Akwai abin da doguwar hanya ke yi wa mutum wanda jirgi ba ya yi. Jirgi yana kai jiki da sauri. Zuciya kuwa tafiyarta sannu-sannu ce.

Na ƙasa yana da watanni na tunani. Yana tafe yana tuna laifinsa, yana koyon hukuncin hajji wurin malaman da ya iske a hanya. Na jirgi ba ya da wannan lokaci. Wani yana cikin hira sai ya ji an ce an kusa miƙati, wato wurin da ake ɗaura harami, shi kuwa bai san abin da zai yi ba. To, aikin da hanya ke yi wa kakanninmu, yanzu ya koma wuyanmu. Sai mu yi shi a gida tun kafin tashi. Ka biya bashi. Ka mai da abin da ka ƙwace. Ka nemi gafarar wanda ka zalunta. Ka koyi farillan hajji. Ga amfanin karatun da kake yi yanzu: kana iya karanta ɗan littafin hajji da Hausa da kanka, ka karanta takardar tafiyarka, ba mai cutarka.

Na biyu, na ƙasa ya ɗanɗani zama baƙo. Ya san daɗin ruwan da baƙon hannu ya miƙo masa. In ya komo gida, da wuya ya kori baƙo daga zaurensa. Kai ba sai ka je Darfur ba kafin ka koyi wannan. Baƙi suna ratsa garinku kullum.

Na uku shi ne zumunci. An ce zumunta a ƙafa take. Akwai mutumin da ya yi kilomita 4000 ya je Makka, amma taki 40 zuwa gidan ƙanensa da suke gaba ya gagare shi shekara 3. Akwai wanda ya san Jidda da Madina, amma bai san maƙwabcinsa na kwance ba lafiya ba. Wannan nisan babu jirgin da ke rage shi. Da ƙafarka za ka taka shi, kuma ba ya cin ko dala.

Kada kuma sauri ya sa mu ɗauka komi yana hannunmu. A shekarar 2020 da 2021, saboda annobar korona, ba a bar kowa ya zo hajji daga wajen ƙasar Saudiyya ba. Ga jirage, ga kuɗi, amma babu hanya. Mai kuɗi da talaka duk suka zauna gida.

Ga inda muka tsaya

Ɗan'uwa, ga ra'ayinmu. Alhajin ƙasa ya cancanci girmamawa ta musamman, don ya ba da shekarunsa, ya sa ransa cikin hatsari. Amma alhajin jirgi ba ƙaramin alhaji ba ne. In kuɗinsa na halal ne, bai bar iyalinsa cikin yunwa ba, kuma ya cika farillai, hajjinsa cikakke ne. Yawan lada kuwa Allah kaɗai ya san shi, don shi ke ganin niyya.

Mu mutane abu guda muke iya gani, shi ne halin mutum bayan ya komo. Mudunsa ya cika? Bakinsa ya bar ƙarya? Matarsa da ƴaƴansa sun ji sauƙi? Maƙwabta sun shaida? In an samu haka, tafiya ta yi amfani, ko awa 5 ta ci ko shekara 5.

Haka kuma ga sauran sababbin abubuwa. Kada ka ƙi garmar shanu ko injin niƙa don kakanka bai yi aiki da su ba. Ka karɓi sauƙi in Allah ya kawo shi ta hanyar halal. Sa'an nan ka tambayi kanka: lokacin da na samu ragi, me na yi da shi? Matar da injin niƙa ya hutar da ita awa 2, in ta zo ajin yaƙi da jahilci, ta ci riba biyu.

Abin tattaunawa a aji

1. Akwai wanda ya je Makka ta ƙasa a garinku, ko wanda ya tafi bai komo ba? Ku tambayi dattawa, ku rubuta sunayen garuruwan da ya bi.

2. Mutum yana da gona guda tak da ƴaƴa 6. Ya dace ya sayar da ita ya je hajji? Kowa ya faɗi dalilinsa.

3. Lissafi: ayarin raƙuma yana yin kilomita 40 a wuni. Kwana nawa zai yi kafin ya ci kilomita 4000?

Ku ba malaminku amsoshinku ya aiko mana. Allah ya kai mai niyya, ya komo da shi lafiya. Wanda bai samu iko ba, Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.